Yadda Ake Koyar da Lissafin Diskirit ga Ɗaliban Kwamfuta da Injiniyanci

Tun da aka fitar da rabon kwasa-kwasai na wannan zangon nake samun saƙonni, kusan duk a kan magana ɗaya: "Malam, an ɗora mini Discrete Structures, ta ina zan fara?" Yawancin masu tambayar sababbin malamai ne, wasu bara war haka suna bautar ƙasa. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a waya, shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake tafiyar da wannan kwas da ɗalibai ke kira diskirit, tun daga shiri har ranar jarrabawa.

Ka fara sanin waɗanda za su zauna a gabanka. Yara ne da suka shekara goma sha biyu ana miƙa musu fomula, su zuba lambobi, amsa ta faɗo. Da haka suka ci WAEC da JAMB, da haka suka tsallake kalkulas a aji ɗaya. A ajinka ne za a fara ce musu "to me ya sa?", kuma a nemi amsar a cikin cikakkun jimloli. Duk tsarin da ke biye na shirya shi ne don wannan sauyin ya samu wuri.

Mataki na 1: Ƙirga awanninka kafin ka buɗe littafi

Kwas mai awa biyu a mako, a zango mai mako 15, awa 30 ke nan a takarda. A zahiri ba za ka same su ba. Makon farko rabin aji na layin rajista, akwai ranar gwaji, akwai hutun Sallah ko na Ista da zai faɗo a tsakiya, makon ƙarshe kuma na bita ne. Ka yi lissafinka a kan mako 12. Ni ga yadda nake raba su: manɗiƙi (logic) mako biyu, tari da dangantaka da fankshin mako biyu, kafa hujja da indokshin (hujjar da ke tafiya daga wata lamba zuwa ta gabanta) mako uku, lissafin saura mako ɗaya, dabarun ƙirga mako biyu, giraf (ɗigo da layukan da ke haɗa su) mako biyu.

Kafin ka kulle jadawalin, je ka sami malamin furogiramin da mai koyar da da'irar lantarki ta dijital, ka ji inda kowannensu ya tsaya. Idan wani ya riga ya yi aljabarar Boole da taswirar Karnaugh, ba ka da dalilin ɓata mako a kansu. Ajin injiniyoyi zalla, ka ƙara wa manɗiƙi da giraf nauyi. 'Yan kimiyyar kwamfuta kuwa dangantaka da indokshin za su fi yi musu rana, don da su za su shiga darasin rumbun bayanai da na algoridim.

Hattara: littafin Kenneth Rosen da sassa da yawa ke jingina da shi ya haura shafi 900. Malamin da ya ɗauri aniyar bin sa babi-babi zai kai mako na goma yana gudu, ya waiwaya ya ga shi kaɗai ya kammala silabus.

Mataki na 2: Haɗa kayan aiki, ka san abin da za su ci

Abin daɗin wannan kwas, ba ya cin kuɗi. Littafi ma akwai na kyauta waɗanda marubutan da kansu suka saka a intanet: Book of Proof na Richard Hammack don koyon hujja, da Discrete Mathematics: An Open Introduction na Oscar Levin. Ka sauke su sau ɗaya, ka tura wa kilas-ref ya zuba a guruf ɗin WhatsApp, sannan kowane mako ka faɗi shafukan da za a karanta. Ɗalibin da aka ce wa "je ka karanta littafin" ba zai buɗe ba. Shafi shida kuwa zai daure.

Takarda da maka ne ke cin kuɗin. A ce ɗalibanka 200 ne, za ka yi ƙaramin gwaji sau goma, rabin falle ga kowa: falle 1,000 ke nan, rim biyu. Idan sashe ba zai bayar ba, kowa ya yago daga littafinsa, amma ka tsaya a kan girma ɗaya, in ba haka ba tattara su ma aiki ne. Maka ka sayi kwali guda tun farko, kala biyu aƙalla: baƙi don rubutun hujja, ja don nuna layin da aka yi amfani da wata ƙa'ida. Sannan kowane ɗalibi ya ninke falle ɗaya gida huɗu, ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙaƙe. Da ita za ku riƙa kaɗa ƙuri'a har ƙarshen zango.

Ta fannin kwamfuta Python ya wadatar, kuma kyauta ne. Wanda ba shi da laftof ya sa Pydroid 3, manhajar Python ta waya, a wayarsa. Logisim, shi ma kyauta, zai ba su damar haɗa ƙofofin manɗiƙi su ga fitila ta kama. In akwai ɗan canji, a sayi allon gwaji biyu ko uku da ƙananan IC, wato guntayen da ke ɗauke da ƙofofin manɗiƙi, masu lamba 7408, 7432, 7404 da 7486, da 'yan fitilun LED da rezisto. Volt 5 waɗannan IC suke ci. Wanda ya jona musu batir mai volt 9 kai tsaye, ya yi ban kwana da su.

Hattara da majigi. Ban da ɗaukewar wuta a tsakiyar lacca, hujjar da ta bayyana a bango dukanta lokaci guda ba ta koya wa kowa komai. Ɗalibi na buƙatar ya ga hannunka yana tafiya, ya ga ka tsaya kana tunani, har ya ga ka goge layi.

Mataki na 3: Ranar farko, ka girgiza su

Kada ka ɓata ranar farko da karanto silabus. Rubuta n² + n + 41 a allo, ka raba wa layukan aji lambobi daga 0 zuwa 10, kowane layi ya lissafa nasa. Amsoshi za su zo: 41, 43, 47, 53, 61, 71, 83, 97, 113, 131, 151. Dukansu lambobin firam ne, ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Tambaye su, kullum haka za ta riƙa bayarwa? A idan e, B idan a'a. Ajin zai cika da A. Ka bar masu zafin nama su ci gaba har 20, har 30, su ƙara sakankancewa. Sannan ka sa 40. Amsar 1,681 ce, wato 41 sau 41.

Yi shiru na ɗan lokaci, abin ya zauna musu. Misali arba'in a jere sun yi daidai, na arba'in da ɗaya ya rushe maganar. Daga ranar, duk wanda ya kawo maka misali uku ya ce ya kafa hujja, ce masa kawai "arba'in da ɗaya". 'Yan ajin ma za su riga ka faɗa.

Mataki na 4: Manɗiƙi, daga bakin mutane zuwa alama

Ka fara da maganar yau da kullum, alamomi su biyo baya. Idan ajin gauraye ne, duk misalin da ka kawo da Hausa ka maimaita shi da Turanci, kada wani ya ji an ware shi.

Kalmar "ko" ce tarkon farko. Mai gida ya ce wa baƙo "shayi ko kunu?", ɗaya yake nufi. Amma sanarwar aiki da ta ce ana neman mai digiri ko wanda ya shekara biyar a sana'ar ba ta kori wanda ya haɗa duka biyun ba. Ta biyun ita ce "ko" ɗin lissafi da ta Python. Ta farkon ita ce XOR, kuma injiniyoyi sun san ta tun daga gida: fitila mai makunni biyu, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a bakin gado.

"Idan kaza, to kaza" ta fi kowace wuya, ka ba ta lacca guda cur. Uba ya ce wa ɗansa, idan ka zo na ɗaya zan saya maka keke. Bi da su layi huɗun jadawalin gaskiya da ƙarya, a kowanne kana tambaya: uban ya saɓa alkawari? Yaro ya zo na biyar, uba ya saya masa keken duk da haka, ya saɓa? Aji zai kaure da gardama, ka bar ta ta yi zafi. Da kansu za su gano wuri ɗaya tak alkawarin ke karyewa: yaro ya zo na ɗaya, keke bai zo ba.

Daga nan sai gwajin katuna huɗu da masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason ya fito da shi a shekarun 1960. Zana su a allo: A, K, 4, 7. Kowane kati harafi ne a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. Doka ta ce idan akwai wasali, to bayansa lambar cika ce. Waɗanne za a juya don a tabbatar ba a karya dokar ba? Da yawa za su ce A da 4. Kada ka gyara musu tukuna. Sauya labarin: jami'in hanya ne ke duba dokar da ta ce mai tuƙi sai ya kai shekara 18, ga mutum huɗu, direba, fasinja, ɗan shekara 30, ɗan shekara 15. Nan take kowa zai ce a binciki direban da ɗan shekara 15. Sai ka nuna musu tambaya ɗaya ce aka sauya wa riga, amsar ta farkon A da 7 ce.

Mako na biyu na "duk" ne da "akwai". Rubuta jimla biyu: "kowane yaro yana da macen da ta haife shi", da "akwai mace guda da ta haifi kowane yaro". Jeri kawai aka sauya, ɗaya gaskiya, ɗaya shirme. Sai kore jimla, inda za ka ga kuskuren da ya fi kowanne yawa: a ce su kore "duk ɗalibai sun ci jarrabawa", su rubuta "duk sun faɗi". Mutum ɗaya da bai ci ba ya isa ya ƙaryata ta. Ka rufe makon da dokokin De Morgan a cikin Python, su gwada not (a and b) da not a or not b su ga amsa ɗaya, injiniyoyi kuma su haɗa XOR da AND a Logisim su ga da'irar da ke tara bit biyu.

Hattara: jadawalin gaskiya da ƙarya yana da daɗin koyarwa da daɗin maki, shi ya sa malamai ke shantakewa a kansa. Jimla uku layi 8 ne, goma 1,024, ashirin 1,048,576. Nuna musu wannan su san dalilin koyon ƙa'idoji, kuma kada ka sa su zana wanda ya wuce layi takwas da hannu.

Mataki na 5: Tari, dangantaka da fankshin

Tari, wato abin da littafi ke kira set, sun taɓa shi a sakandare, kada ka daɗe. Masu layin MTN su ɗaga hannu, a ƙirga. Masu Airtel, a ƙirga. Masu duka biyu, a ƙirga. Su faɗa maka mutum nawa ke da aƙalla ɗaya, da dalilin cire adadi na ukun.

A dangantaka ne za ka zauna, kuma gidan Bahaushe ya ishe ka misali. Ɗauki "ubansu ɗaya". Kowa ubansa ɗaya da kansa. In Ali ubansu ɗaya da Binta, to Binta ma haka take da Ali. In ta bi ta kan mutum na biyu zuwa na uku, ba ta yankewa. Shi ya sa take raba yaran unguwa rukuni-rukuni, ba wanda ke faɗawa biyu. Yanzu sauya ta zuwa "sun haɗa uwa ko uba". Ali da Binta 'yan uba ne. Binta da Rabi uwarsu ɗaya, daga wani auren. Ali da Rabi fa? Ba abin da suka haɗa, in ba shayarwa a tsakani aure ma ya halatta. Sharaɗi na uku ya karye a gaban idonsu, kuma ban taɓa ganin ɗalibin da ya manta wannan misalin ba.

Kwasa-kwasan da sai an ci wani ake ɗaukar wani su ne misalin jerin da ba kowane biyu ake iya cewa ga wanda ke gaba ba. Fankshin kuma ka ɗauko shi daga lambar rajista: mutum biyu ba sa haɗa lamba, amma suna haɗa suna.

Mataki na 6: Kafa hujja da indokshin

Nan ne zuciyar kwas ɗin, kuma nan na fi yin kuskure a shekarata ta farko. Indokshin na yi a lacca ɗaya, da misalan tara lambobi guda uku, kowa na gyaɗa kai. A jarrabawa na ce su nuna cewa n³ − n tana rabuwa da 3. Na zauna maki, takarda bayan takarda, kowa ya rubuto matakan nan uku tsaf kamar karatun allo, "mun ɗauka gaskiya ce a k", sannan ya tsallaka zuwa "saboda haka gaskiya ce a k + 1", ba tare da ya taɓa abin da ya ɗauka ɗin ba. Laifina ne. Siffar na koya musu, ma'anar kuwa na bar ta a aljihuna.

Yanzu ga yadda nake yi. Makon farko cika da mara kawai. Kowace hujja a raba allo gida uku: abin da aka ba mu, abin da ake nema, da ma'anar kalmomin. Lambar cika ita ce 2a, ta mara 2a + 1. A nuna mara sau mara mara ce: (2a + 1)(2b + 1) = 2(2ab + a + b) + 1. Ka yi ɗaya a allo kana faɗin abin da ke ranka, har da hanyar da ka fara bi ta toshe. Na biyu ku yi tare. Na uku su yi bibbiyu kana zagayawa.

Kurakurai biyu za ka tarar a kowane benci. Na ɗaya, harafi ɗaya ga lambobi biyu, 2k + 1 sau 2k + 1, wanda ya nuna maganar ga lamba da kanta kaɗai. Na biyu, fara rubutu da abin da ake nema, a yi ta juya shi har a iso 0 = 0, a ja layi biyu. Kwafi irin waɗannan a allo ba tare da suna ba, aji ya nemo inda ƙafa ta zame.

Mako na biyu hujja ta bayan gida: in n² cika ce to n cika ce, a nuna ta hanyar cewa mara sau kanta mara take bayarwa. Sai hujja ta cin karo, inda ake ɗauka maganar ƙarya ce har a ga hakan ya ci karo da kansa, da misalin cewa lambobin firam ba su da iyaka.

Mako na uku indokshin. Jera bulo ko littattafai a tsaye a kan tebur, ka ture na farko. Abu biyu ake buƙata: na farko ya faɗi, kuma kowanne in ya faɗi ya taɓa na gabansa. Cire ɗaya daga tsakiya ka sake turewa. Sannan ka kai su wurin mai POS wanda takardun ₦200 da ₦500 kaɗai suka rage masa. Waɗanne kuɗaɗe zai iya biya cif? ₦100 ba zai iya ba, ₦300 ma haka. ₦400 zai iya, ₦500 zai iya. Daga nan duk adadin da ke tafiya ɗari-ɗari zai biyu, don in an iya biyan wani adadi, ƙara ₦200 ɗaya ya ba da na biyu a gabansa. Tambaye su dalilin da ya sa a nan tushe biyu ake buƙata. Wanda ya amsa wannan ya gane indokshin.

Ka biyo da hujjar ƙarya: wai duk shanun da ke cikin kowane garke launinsu ɗaya. Saniya ɗaya, gaskiya ne. Garke mai k + 1, cire ta farko, sauran launi ɗaya; mayar da ita, cire ta ƙarshe, sauran launi ɗaya; saboda haka duka ɗaya ne. Ba su dare guda su nemo ramin. Yana wurin tafiya daga saniya ɗaya zuwa biyu, inda babu ta tsakiya da za ta haɗa su.

Ka ƙarasa da kwanuka biyar masu shiga cikin juna da faranti uku, wasan hasumiyar Hanoi. Za su ƙirga motsi 1, 3, 7, 15, 31, su hango 2ⁿ − 1, su kafa hujjarta, sannan su rubuta fankshin mai kiran kansa a Python. A nan 'yan kwamfuta ke gane cewa abin da suke rubutawa a kod da abin da suke rubutawa a hujja tagwaye ne.

Mataki na 7: Lissafin saura

Yau Litinin, nan da kwana 100 wace rana ce? Bakwai ta shiga 100 sau 14, saura 2, Laraba ke nan. Mod, wato saurar rabawa, ya shigo ba tare da an ambaci sunansa ba. Biyo da hanyar Euclid ta nemo babbar lambar da ke raba lambobi biyu: 252 da 105, saura 42, 105 da 42, saura 21, 42 da 21, babu saura, amsa 21. Ka gaya musu lamba ta ƙarshe a lambar asusun banki mai lamba goma lissafo ta ake yi daga sauran da lambar bankin, ta mod 10, don a kama kuskuren bugawa.

Rabin awa na ƙarshe RSA ce da ƙananan lambobi, tsarin ɓoye saƙo da Rivest, Shamir da Adleman suka fitar a 1977. Ɗauki 3 da 11, ka ninka su, n ta zama 33, makullin fili 3, na sirri 7. Layin dama ya ɓoye saƙon 4: 4³ = 64, saura 31. Layin hagu ya buɗe: 31⁷ mod 33 ya dawo 4. Ka ji aji ya yi tsit, sannan a ce a sake da wata lambar.

Hattara da lamba mai alamar ragi. −7 mod 3 a Python 2 ce, a C da Java kuwa alamar % −1 take bayarwa. Faɗa musu da bakinka kafin su zo suna cewa kwamfuta ta ƙaryata ka.

Mataki na 8: Dabarun ƙirga

Hana su fomula a laccar farko. Layukan waya nawa za a iya fitarwa masu farawa da 0803? Gurbi bakwai suka rage, kowanne zaɓi goma, 10,000,000. Lambar sirrin ATM mai gurbi huɗu 10,000 ce. In ba a maimaita lamba, 5,040. Kalmar sirri mai ƙananan haruffa takwas 208,827,064,576. A haɗa da manya da lambobi, ta ninka fiye da sau dubu.

Inda suke ruɗewa shi ne jeri da zaɓi. Mutum goma, a fitar da shugaba, sakatare da ma'aji: 720. Mutum goman, a fitar da kwamitin mutum uku: 120. Kira mutum uku gaban aji su yi ta sauya wurin tsayuwa har sau shida, su ga daga inda rabawa da 6 ta fito. Kafin kowace tambaya su rubuta amsar abu biyu: jeri yana da tasiri? An yarda a maimaita?

Ƙa'idar gidan tantabara, wato in tantabaru sun fi gidaje yawa dole wasu su haɗa gida, minti ashirin ta ishe ta. A ajin 'yan Najeriya 300, da jihohi 36 da Abuja, dole a samu aƙalla 9 daga wuri ɗaya, don 37 sau 8 a 296 ta tsaya.

Mataki na 9: Giraf, ɗigo da layi

Ka fara gaya musu wannan giraf ɗin ba mai x da y ba ne, in ba haka ba wani zai zo da takardar zane. Mutum goma suka yi musabaha da juna bayan sallar Idi, sau 45 ke nan. Mutum biyar za su iya kowa ya gaisa da mutum uku cif? Jimlar hannuwa 15, mara ce, alhali kowace musabaha hannu biyu take ci. Ba zai yiwu ba.

Sai gadoji bakwai na birnin Konisbag, Kaliningirad ta yau a Rasha, waɗanda Euler ya warware a 1736. Zana su, a gwada bin kowace gada sau ɗaya, a gaji, sannan a ƙirga layukan da ke kan kowane ɗigo: 5, 3, 3, 3, duk mara.

Mako na biyu na aiki ne. Su zana taswirar makarantarku, gine-gine su ne ɗigo, su auna tazara da taku. A kanta za a nemo gajeriyar hanya da dabarar Dijkstra, a kanta za a nemo mafi ƙarancin wayar da za ta haɗa dukan gine-gine da dabarar Kruskal. Jadawalin jarrabawa kuma shi ne misalin shafa launi: kowane kwas ɗigo, a ja layi tsakanin biyun da ɗalibi ɗaya ke ɗauka. Nan za su ga yadda masu kariyoba ke hargitsa wa jami'in jarrabawa lissafi.

Hattara: da hannu za su fara bin kowace dabara a kan ɗigo shida ko bakwai. Wanda ya fara da NetworkX, kayan aikin giraf na Python, zai samu amsa bai san ta inda ta zo ba.

Mataki na 10: Gwaji, jinga da jarrabawa

Makin cikin zango 30 ne ko 40, gwargwadon dokar makarantarku. Kada ka zuba shi duka a gwaji ɗaya. Minti goma na farkon lacca, tambaya ɗaya, rabin falle. Sai dai ka lissafa wa kanka: takarda 200, minti uku kowace, awa goma ke nan a mako. Ba za ka iya ba. Ka rage ma'auni zuwa 0, 1, 2, 3: babu komai, ya san ma'anar kalmomi, hanya daidai amma da giɓi, cikakkiya. Da haka takarda ba ta wuce minti ɗaya. Wasu makonnin kuma su yi musanyar takardu, ku yi makin tare a allo, kai ka ɗebo ashirin ka duba.

Jingar gida yanzu sai da dabara, don ChatGPT na aljihun kowa. Ni ƙungiya-ƙungiya nake ba su, mutum biyar, ranar miƙawa in kira ɗaya da ka ya tsaya a allo ya yi bayanin layi na uku, makinsa shi ne na ƙungiyar. Wani lokacin ma nakan ce su sa na'urar ta rubuta hujjar, su kawo ta da jan biro a kan duk layin da ba su gamsu da shi ba.

A jarrabawa, kashi ɗaya cikin uku ya zama na lissafi kai tsaye don mai rauni ya samu abin kamawa, kashi ɗaya hujjojin da suka yi kama da na aji, sauran kuma sabo: hujja mai kuskure a nemo kuskuren, ko labari a mayar da shi giraf. Idan akwai zaɓin tambayoyi, tambayar hujja ta zama dole, in ba haka ba duk za su zagaye ta. Kafin ka miƙa takardar ga sashe, zauna da agogo ka amsa ta da hannunka, kana rubuta kowane layi kamar yadda kake so su rubuta. In ta ɗauke ka fiye da minti 30 a jarrabawar awa biyu, cire tambaya ɗaya.